Tauraruwa Mai Ruwan Goro da Hedimastanmu

Shekarata ta biyu ke nan da fara koyarwa a wata makarantar elementare a Tudun Wada, kafin mulkin kai, na ari wani littafin taurari a wurin wani malamin asibiti maƙwabcinmu. A ciki na karanta labarin tauraruwar nan mai ruwan goro da muke gani bayan magariba. Ashe wata rana ce, tsohuwa, wadda ta kumbura har ta fi tamu girma nesa ba kusa ba. Amma fatarta ba ta kai ta ranarmu zafi ba, shi ya sa take ja-ja. Haskenta kuwa daga faɗinta yake.

Washegari na zana su a allo ga 'yan aji huɗu: rana kamar ƙwayar gero, tauraruwar kamar ƙwarya. Ina cikin bayani hedimasta ya shigo. Dattijo ne mai son a ce ya sani. Ya saurara kaɗan, sai ya ɗauki tsumma ya goge zanen.

Ya ce, "Malam, wa ya gaya maka jan abu ya fi fari sanyi? Ba ka taɓa ganin wuta ba?"

Yara suka tuntsire da dariya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga littafin." Ko kallonsa bai yi ba. Ya sa suka maimaita sau uku cewa jar tauraruwa ta fi kowace zafi. Ina tsaye, alli na murƙushewa a hannuna.

Ranar Alhamis na kwashi ajin muka taka zuwa maƙerar kawuna a Tudun Jukun. Na roƙe shi ya sa ƙarfe a wuta. Ya yi ta zuga, ƙarfen ya yi ja, ya koma ruwan goro, can ya yi fari fat. Na ce, "Kawu, wanne ya fi zafi?" Ya dube ni kamar na zautu. Ya ce, "Farin mana. Jan nan ai ko lanƙwasuwa ba ya yi sosai."

Na ɗauka magana ta ƙare. Ina! Da jarrabawa ta zo, hedimasta da kansa ya sa tambayar. Yawancin yaran sun san inda bulala take, suka rubuta abin da yake so. Wata yarinya guda, 'yar wani tela, ta rubuta abin da ta gani a maƙera. Ya ba ta sifili, ya kuma tsula mata bulala shida a gaban makaranta, wai don taurin kai.

Na bi shi ofis. Na ce, "Ni na koya mata. In duka ne, ga ni." Ya ce in fita. Na ce ba zan fita ba sai ya gyara makin. Har na buga teburinsa, tawada ta zube a kan rajista.

Bai gyara ba. Ni aka mayar aji ɗaya, ina koyar da baƙaƙe, aka kuma rubuta mini takardar gargaɗi kan fitar da yara ba izini. Uban yarinyar ya cire ta daga makarantar kafin ƙarshen zango. Na je shagonsa sau biyu ina ba shi haƙuri. Karo na biyu ko ɗaga kai bai yi daga kan keken ɗinkinsa ba.