Fasinjan Gwaji

Shekara tara ke nan tana zana taswirar hanyoyin bas a wani ofis da ke saman babbar tasha, teburinta a jikin taga, hayaƙi yana shigo mata. Abokan aiki suna ce mata Sarauniyar Layi. Dokarta ɗaya ce: ba a liƙa sabuwar taswira sai an miƙa wa wanda bai taɓa ganinta ba, an ce masa je ka wuri kaza, ban da tambaya.

Wannan karon Babanta ta zaɓa. Ta ce wa shugabanta idon tsoho ne ma'aunin girman haruffa. Abin da ba ta faɗa ba, wata uku ke nan Baba yana kiranta da sunan ƙanwarsa, yayanta kuma ya kafe cewa ƙarin gishirinta ne. Shekara talatin Baba ya yi yana tuƙa bas a garin nan. In ya ɓata, ba laifin takarda ba ne. So take a raba gardama.

Ta sa shi a koren layi, ta ce ya sauka a tasha ta biyar, gaban asibitin ido. Ta hau tasi ta riga shi.

Bas ta farko ta zo, babu shi. Ta biyu ma haka. Ta kira wayarsa, sai ta ji ƙara a cikin jakarta. Ita ta karɓe, wai kada ya yi satar amsa.

Bas ta uku ma babu shi. Ta shiga tare masu sauka tana kwatanta shi. Wata mai sayar da ruwa ta ce tsofaffi masu sanda ai sun fi ɗari tun safe, wanne daga ciki?

Direban bas ta huɗu ne ya leƙo, ya ce in tsohon maigidansu take nema, yana can ƙarshen layi, ya ƙi sauka.

Ta same shi cikin bas ba kowa, yana bin kujeru ɗaya bayan ɗaya, yana duba ko wani ya manta kaya. Taswirar tana aljihunsa a ninke, ko buɗe ta bai yi ba.

"Baba, me ya hana ka sauka?"

"Direba yana sauka a tsakiyar hanya ne?" Ya dube ta da fara'a. "Baiwar Allah, nan ne ƙarshe fa. Ina za ki?"

Ta laluba kujera ta zauna.