Girkin Mutum Huɗu

Shekarar da na samu gurbi a makarantar koyon aikin lafiya, Baba bai hana ni ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa, cewa ba zan kwana a ɗakin kwanan ɗalibai ba alhali yayana yana da gida a Kankia. Haka na ɗauko akwatina daga Yashe na sauka a ɗan ɗakin da ke kusa da madafi, inda a da buhunan gero ke kwana. Ban daɗe da zuwa ba matar Yaya ta tafi goyon ciki gidansu a Kusada, da yake haihuwar fari ce. Ranar tafiyarta ta nuna mani inda daddawa take da inda kuka take, ta sa mani makullin sito a hannu.

"Ga gida nan, Malama," in ji ta. "Yayan naki ba shi da wuyar sha'ani. In dai an idar da magariba akwai abin da zai fita da shi, kin gama da shi."

A makarantarmu, ƙarshen zangon farko ake yin jarrabawar da za ta raba ɗalibai. Makin da mutum ya ci shi ke nuna sashen da za a tura shi. Ni sashen harhaɗa magunguna nake so, kuma gurabensa kaɗan ne. Ina son aikin da za a auna komai daidai, a rubuta, a miƙa ta taga ba sai an yi dogon zance ba. Tun ina ƙarama magana take yi mani nauyi. Ko gaisuwa ce sai na shirya ta a zuciya kafin in isa wurin mutum.

Sai bayan la'asar muke tashi daga aji. Yaya yana koyarwa a wata firamare a Kunduru, yana dawowa a kan mashin dab da magariba. Tsakanin isowata da isowarsa ne zan hura itace, in yi talge, in kaɗa miya, in tuƙa, in kwashe. Idan na gama wanke-wanke na buɗe takarduna, idanuna suna yaji saboda hayaƙi, layukan suna hawa kan juna. Sau da yawa shafin da na fara a kai nake tashi.

Ranar wata kasuwa na tsaya wurin wani mai shimfiɗa littattafai a tabarma, ina neman tsohon littafin kimiyya. Ban samu ba, amma a ƙarƙashin littattafan addu'o'i na ga wani ɗan siriri mai koren bango, na girke-girken gaggawa, an rubuta shi da Hausa don matan da ke dawowa daga aiki da yamma. Abin da ya ja ni shi ne tsarinsa. Marubuciyar ba ta cewa "ki zuba daidai misali". Tana cewa gwangwani kaza, cokali kaza. Tana faɗin abin da za ki yi yayin da ruwa ke kan wuta, don kada hannu ya zauna. Kowane girki tukunya ɗaya ne, kuma akwai mai ba da ƙarfi, akwai mai gina jiki, akwai ganye, kamar yadda ake koya mana a aji. A saman kowane shafi an rubuta: na mutum huɗu.

Da dafa-dukan taliya na fara, da busasshen kifi da alayyahu, a kan ɗan gas ɗin da matar Yaya ke dafa shayi da shi. Na jera komai a faranti kafin in kunna wuta, na jingina littafin da turmi, na bi shi layi-layi. Na sauke tukunya rana ba ta gama faɗuwa ba. Na yi wanka, na zauna a bakin ɗakina, na karanta babi guda cur kafin a kira salla. Ban manta daɗin wannan yammacin ba. Washegari na yi faten dankali da zogale, rana ta uku kuskus da ƙwai da kabeji. A makon nan na ji kamar an ƙara mani tsawon rana.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne inda abincin ke zuwa. A layinmu, kamar a Yashe, magidanta ba sa cin abincin dare a ɗaki. Bayan magariba kowa zai fito da kwanonsa ƙofar gida, a shimfiɗa tabarma, a buɗe ɗaya bayan ɗaya a ci tare. Ciyayya ke nan, kuma a ƙofar gidan Yaya ake yinta saboda daɓen wurin. Na san da haka sarai. Ban dai yi tunanin abin da zai faru ba idan aka jera kwanukan tuwo aka buɗe ɗaya aka ga kuskus.

Wata rana na je zaure ɗaukar buta na ji su.

"Malam, a fara da naka ko a ƙare da shi?" in ji tela maƙwabcinmu.

"A ƙare da shi," in ji wani dattijo. "In aka fara da shi wa zai kalli kukar gidana?"

"Yo ai loma bibbiyu ce ta ƙare," in ji telan. "Malam, ka ce wa Likita ta riƙa tunawa da mu talakawa. Ko a asibiti ne aka ce ta auna mana?"

Suka yi dariya. Na ji muryar Yaya a ciki, yana cewa zai faɗa mata, wato ni da suke kira Likita. Na koma da sanɗa ban ɗauki butar ba. Da ya shigo sai ya tsaya a tsakar gida yana goge hannu.

"Auta, gobe ki ɗan ƙara hannu."

Na ce to.

Bayan kwana biyu Gwaggo, matar dattijon nan, ta leƙo ta kan katangar da ta raba gidajenmu. Katangar gajera ce, in ta taka turmi har ƙirjinta ake gani. Ta miƙo mani langa cike da tuwon dawa da miyar kuɓewa.

"Karɓi, ɗiyata, ki ɗanɗana na tsofaffi. Tsohon nan ya ishe ni da zancen girkinki, har na ce ko in tattara in ba ki wuri."

Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Na juye, na wanke langar, sai na tsaya da ita a hannu. A wurinmu ba a mayar da kwano haka nan. Wanda ya aiko maki da abinci, ko gyaɗa ce ki zuba a ciki kafin ki mayar, balle kuma an gaya maki abin da ake so. Na zuba mata rabona na ranar, ni kuma na ci tuwonta.

Daga nan langar Gwaggo ba ta sake fashi ba. Matar tela ta biyo baya da ɗanwake. Gidan da ke fuskantarmu suka aiko da fura. Babu wanda ya roƙe ni komai. Kowa alheri ya yi mani, kuma kowane kwano yana zaune a bakin madafi yana jiran a sallame shi.

Na zauna da fensir na ninka ma'aunan littafin, sau biyu, daga baya sau uku. Lissafin ya fita daidai a takarda. Amma ɗan gas ɗin ba ya ɗaukar babbar tukunya, sai na koma murhu da itace. Ruwan da a da yake tafasa kafin in gama yanka albasa, yanzu sai in gama yankan in tsaya ina kallonsa. Taliya in ta yi yawa ta ƙasa ta caɓe ta sama ba ta nuna ba, dole in raba ta zubi biyu. Gyaran alayyahu kaɗai yana cinye abin da a da nake karanta babi a cikinsa. Ga shi irin wannan abinci ba ya kwana. Tuwo ko ya ragu da safe ɗumame ne, amma wannan ko cokali ba ya saura, don haka da asuba ma sai na ɗora wata tukunyar. Littafin yana nan jingine da turmi, shafukansa sun yi tabon manja, yana ta cewa na mutum huɗu.

Na shirya maganar da zan yi wa Yaya. A hanyar makaranta nake maimaita ta, in cire kalma in sa wata, don kada ta yi kama da ƙorafi. Ranar da na ƙudura zan faɗa, na ji tsayuwar mashin ɗinsa, na fito ina goge hannu a zani. Sai na ga ya ɗauro wata ƙatuwar tukunya a baya, sabuwa fil, tana ƙyalli.

"Zo ki kama mani, Auta. Na ga kina wahala da 'yan ƙananan nan, kina girki sau biyu. Wannan zubi ɗaya kin gama."

Fuskarsa cike da murna. Tun daga Kunduru ya riƙo ta da hannu ɗaya a bayansa saboda igiyar ta saki. Na kama muka sauke. Na ce, "Na gode, Yaya. Allah ya ƙara buɗi."

Matar Yaya ta sauka lafiya, aka sami ɗiya mace. Ranar suna muka tafi Kusada, Inna ma ta zo daga Yashe. Na sami mai jego a ɗaki tana shan kunun kanwa, ta gan ni ta fara dariya.

"Ga mai kuskus. Labarinki ya riga ki zuwa, Malama. Ni da na shekara ina tuƙa masu tuwo ko sannu ban samu ba."

"Yaushe za ki dawo, Anti?" Ban san tambayar za ta fito da sauri haka ba.

"Ke, ko wanka ban yi nisa ba. Kuma tsohuwa ta ce ko an yi arba'in sai yarinya ta yi ƙwari. Me zan yi gaggawa, gida yana hannu nagari?"

Da yamma na sami Inna ita kaɗai a bayan ɗaki tana alwala. Na durƙusa kusa da ita na ce kwanukan sun yi mani yawa, jarrabawa kuma ta matso. Ta gama wanke ƙafa kafin ta amsa.

"Karatu ai da ƙwaƙwalwa ake yi, kuma Allah ya ba ki. Amma kada in ji an ce ɗiyata ta mayar wa mutane kwano wayam. Yayanki zama zai yi da mutanen nan bayan kin tafi."

Ban ga inda ta yi kuskure ba.

Na gwada karatu a bakin murhu. Nakan ɗora takarda a gwiwa ina iza wuta, in karanta layi, in tashi in motsa tukunya, in dawo in nemi inda na tsaya. Darussan da ake haddacewa sun shiga a haka. Kimiyyar sinadarai ce ta ƙi, don ita tana son a zauna da ita da biro, a yi lissafi a sake. Babobin ƙarshe ban taɓa buɗe su da natsuwa ba, kuma daga cikinsu aka ciro rabin tambayoyin. Na zauna a ɗakin jarrabawa ina gane kowace tambaya, na san shafin da amsarta take, na san ma gefen da zanen yake, amma ban san abin da ke rubuce a wurin ba.

Da sakamako ya fito na ci sauran darussan da kyau, na faɗi wannan. Aka ce masu irin matsalata za su sake rubutawa bayan hutu, amma rabon sashe ba zai jira mu ba.

Yaya ya karanta takardar a tsaye, hular kwano tana hannunsa.

"Ke ce da faɗuwa? Me ya faru?"

Maganar da na daɗe ina gyarawa ta ɓace. Abin da ya fito shi ne, "Girkin ne, Yaya. Ba na samun zama."

Ya dubi bakin madafi inda kwanuka ke jere, ya daɗe yana kallo, kamar ranar ya fara ganinsu.

"Me ya hana ki faɗa mani?"

Na karɓi takardar daga hannunsa na ninke ta.

"To daga yau ki ajiye littafin nan. Ki riƙa yin tuwo kawai kamar kowa, ki huta."

Bai taɓa riƙe muciya ba, a ganinsa abin da ake ci kullum shi ne mai sauƙi. Na ce to. Na koma talge da tuƙi a sabuwar tukunyar. A ƙofar gida aka yi ta tambayarsa ko Likita ba ta da lafiya, yana cewa karatu ne ya sha kanta. Kwanukan suka ragu a hankali, ban da langar Gwaggo, wadda ta ce ita ko ruwan zafi na zuba mata za ta sha. Da ɗan lokacin da ya samu na sake rubuta jarrabawar na ci.

Ranar da muka je karɓar sashe, malamin da ke rabon ya duba sunana ya duba makina, ya ce da wannan na kawo tun farko da ba a yi wata magana ba. Harhaɗa magunguna ya cika tun kafin hutu. Gurbin da ya rage na tsaftar muhalli ne, aikin shiga gida-gida da kasuwa-kasuwa ana yi wa mutane bayani a kan rijiya da kwata da shara.

"Kina so, ko za ki jira baɗi ki sake nema?"

Na san Baba ba zai yarda in zauna shekara guda a Kankia ba tare da aji ba. Akwai mutane a bayana a layi, wata tana taɓa mani kafaɗa. Na ce ina so, ya nuna mani inda zan sa hannu.