Hannun Rigar Baba

Shekarun baya, lokacin da 'yata ta biyu take koyon haɗa shafukan yanar gizo a wata makarantar kwamfuta, mahaifinmu ya ɓata. Tsufa ya riga ya taɓa masa tunani. Yakan kira ni da sunan mahaifiyarmu da ta daɗe da rasuwa, yakan kuma tashi da safe ya ce ya makara ofis, alhali ya bar aikin gwamnati tun ina goyon fari. A gidan yayana yake zaune a Unguwar Rimi. Wata Juma'a maigadi ya tafi masallaci ya bar ƙaramar ƙofa a sake, Baba ya zura takalmansa ya fita.

Ni a Hayin Banki nake aure. Kafin mu sami keke ni da 'yata mu iso, falon Yaya ya cika da dangi, kowa na faɗin tasa. Na bari aka lafa, sannan na ce a tura hoton Baba cikin guruf-guruf na waya, ko wani ya gan shi.

Yaya ya girgiza kai. Ya ce, "Hoton Baba ba zai yi yawo a hannun mutane kamar na ɓarawon da ake nema ba. In ya shiga guruf, ya shiga kenan. Jikokinsa za su girma su tarar ana nuna shi." Sai ya dubi 'yata. "Ke, ba wannan kike karanta ba? Ki yi masa shafi na mutunci, mu riƙa tura adireshin kawai. Ranar da aka gan shi mu rufe abinmu."

Ta ce, "To Kawu, amma wace fuska zan auna? Ta kwamfuta ko ta waya?"

Ya ce ta yi masa Hausa. Ta ce abin kamar ɗinki ne, sai an san jikin da za a yanka wa. Fuskar kwamfuta faɗi gare ta, ta waya kuwa tsayi. Akwai yadda ake yi shafi ya riƙa lanƙwasa kansa ya dace da kowace, amma ba su kai nan a makaranta ba, in ta ce za ta gwada zai ci lokaci. Ni da nake taɓa keken ɗinki, na gane maganar tun kafin ta rufe baki.

Yaya ya nuna ƙatuwar kwamfutar da ke kan teburinsa. Ya ce, "Wannan. Waɗanda za su iya motsa mana gari a ofis suke zaune, manyan 'yan sanda, shugabannin asibiti, yaran Baba na wurin aiki. Ta waya ki yi daga baya."

Maganar ba ta yi kama da kuskure ba a lokacin. Kowa ya gyaɗa kai.

Hoton ma shi ya zaɓa. Ya ture duk na kusa-kusa, inda Baba ya rame yana sanye da jallabiya, ya ɗauko na ranar walimar barin aiki. Hoto ne mai faɗi, Baba a tsakiya ya buɗe hannuwa cikin farar babbar riga mai aikin zare. 'Yata ta shimfiɗa shi daga wannan gefe zuwa wancan, ta sa bayani da lambobin waya can ta dama. A kwamfutar Yaya ya yi kyau har wata gwaggonmu ta fashe da kuka. Aka tura adireshin ko'ina.

Da na koma gida na danna shi a wayata. Ya daɗe yana juyi, sannan wani farin abu ya cika fuskar, da ɗan zane-zane a gefe. Babu fuskar Baba, babu rubutu. Washegari na ce wa Yaya ni fa ban ga komai ba. Ya yi 'yar dariyar gajiya ya ce, "Wannan wayar taki da aka ɗaure da roba, ai ko ke ba za ta nuna ba." Ni ma na yi dariya. Mutum irina da ya koyi karatu da furfura a ajin yaƙi da jahilci, duk abin da ya ƙi karantuwa yakan ɗauka daga wajensa ne. 'Yata kuwa ta san a ja hoto gefe da yatsa, hannunta ya saba, ba ta ma lura tana yi ba. Kuma tun daga ranar ba ta sake zama ba, kullum muna hanya.

Mun zaga asibitoci. Mun je tashar Kawo muna tambayar direbobi. An yi cigiya a rediyo da cikakken sunansa da muƙamin da ya riƙe. Akwai ranar da aka shiga da mu ɗakin ajiye gawa, aka riƙa buɗe mana fuskokin bayin Allah, ba ya cikinsu. Duk ruwan da aka yi a kwanakin nan, sai in ajiye cokali, in ce ko a ina yake dukansa.

Mako ya zagayo, wani ya bi bayansa. Ran nan a Islamiyya wata mata tana ba da labarin ƙanwarta da ke Kurmin Mashi, ta ce wai akwai wani tsoho a zauren wani malami, kullum da safe sai ya nemi hularsa ya ce ya makara ofis. Matan suka yi dariya. Ni kuwa littafin hannuna ya faɗi.

Muka tafi mu uku, ni da Yaya da 'yata. A mota Yaya ya tuna cewa a Kurmin Mashi ne Baba ya fara kama haya yana saurayi, sabon ɗaukar aiki. Babu wanda ya yi wannan tunanin a cikinmu.

Malamin dattijo ne mai sanyin murya, yana koyar da Alƙur'ani a ƙofar gidansa. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya saurare mu har muka gama. Sannan ya shiga ciki ya fito da takalma da hula ya ajiye a gabanmu.

Ya ce, "Sai haƙuri. Shekaranjiya muka kai shi."

Ya ce bayan la'asar ya tarar da shi zaune a dakali, yana cewa nan ne gidansa. An tambaye shi suna ya kasa faɗa. Malam ya ba shi wuri a zaure, ya sanar a masallacin unguwa, ya gaya wa mai unguwa. Zazzaɓi ne ya kama shi, aka sayo magani, bai yi ba. Ya ce, "Hajiya, sunansa ya ɓace masa, amma alwala ba ta ɓace masa ba. Ko sau ɗaya ban gyara masa ba."

'Yata ce ta yi ƙarfin halin tambaya. "Malam, saƙon cigiya bai iso nan ba?"

Ya laluba aljihu ya fito da wata 'yar waya, kamar ƙanwar wayata. Ya ce an turo wani abu a guruf ɗin masallaci, an rubuta a taimaka a duba. Ya danna ya miƙo mata. Farin abin nan ne da na gani, da zanen zare a gefe.

Ya ce, "Na buɗe, yana zaune nan kusa da ni yana shan koko. Na ga farin yadi, na ɗauka tallar shadda ce."

Hannun rigar Baba ne. Shi kaɗai ya sami wuri a fuskar wayar.

'Yata ta ɗora yatsa ta ja gefe a hankali. Kafaɗa ta shigo, sai gemu, sai fuskar Baba tana murmushi. Malam ya matso da wayar kusa da idonsa. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi ne. Ga tabon nan na gefen ido." Yaya ya tashi ya fita waje. Ina jin sa ta bayan katanga, babban mutum da jikoki, yana kuka kamar an yaye shi.

Ba wanda ya ɗora wa wani laifi, har yau. Yaya mutuncin mahaifinsa ya so ya tsare. Yarinya kuma abin da aka ce ta yi ta yi, ta ma tambaya. Na san kwanan Baba ya ƙare, ko a gadon wa yake sai ya tafi. Abin da ke ci mini rai shi ne ban riƙe kansa ba, ban ba shi ruwa ba, baƙi ne suka yi masa wanka, muna gari ɗaya, tafiyar keke guda.

'Yata ta daɗe ba ta buɗe kwamfuta ba. Na zuba mata ido, ban matsa ba, sai da ta koma da kanta. Yanzu sana'arta kenan, har tana koya wa wasu. Ta saya mini sabuwar waya, amma ta hana a yar da tsohuwar. Duk shafin da za ta yi, da faɗin wannan 'yar fuskar take fara awo, manyan su biyo baya. In ta gama takan buɗe shi a tsohuwar wayar ta kawo mini ta ce, "Umma, kar ki ja, kar ki taɓa. Me kika gani?" In na karanto mata, ta tafi. In na yi shiru, ta koma ta sake.

Babbar rigar tana wajena, ni aka ba da aka raba kayansa. Nakan fito da ita in shanya saboda asu. In zan mayar, hannuwan nake fara naɗewa ciki, don kada su ne abin da zan fara gani in na buɗe akwati.