Allon da Ya Ci Gona

Masana sun ce a wannan kangon fada na tsibirin Kirit wayewar Turai ta fara. Garifaliya mai gadi ba ta musa ba. Ita dai aikinta hana baƙi zama a kan wayewar.

Akwai wani tsoho kuwa da ba ya zama. Kowace Talata yana tsaye jikin igiyar da ta kange wurin, da baƙar riga da dogayen takalma masu faci, yana murza gashin baki, idonsa a kan wani rami da ciyawa ta rufe.

"'Yata, sun karanta?"

"Tukuna, Kawu. Masu tabarau suna kai."

"Su hanzarta. Likitana ya fi su sauri."

An ce garmarsa ce ta tono allon yumɓu mai rubutu a nan, shekara arba'in baya. Da hannunsa ya kai wa hukuma. Hukuma ta gode, ta kewaye gonar, ta sare itatuwan zaitun casa'in. Garifaliya tana jin so yake, kafin ya tafi, ya san abin da ya ci gonarsa: addu'a ce, ko wasiyyar sarki.

Ba ta taɓa gaya masa ba cewa alama biyu kam an gane su tuntuni: hoton zaitun, da lamba uku. Da alama dai wani ne kawai ya ƙirga itatuwansa uku.