Abin da Na Ɗauko a Teburin Surukina

Surukina marubucin takardu ne. A Madina katibin ma'arid ake ce musu: mutum ya kafa ɗan tebur da laima a gaban wani ofis, wanda bai iya rubuta koke ko cika fom ba ya zo ya zauna, ya faɗi damuwarsa, a rubuta masa. Kakanninsa da ƙafa suka zo daga ƙasar Hausa, shi kuma nan aka haife shi. Ni da jirgi na zo, da takardar injiniya, na kama aiki a matatar mai a Yanbu, na auri 'yarsa. Idan abokan aiki suka tambayi sana'ar mahaifin matata, sai in ce yana harkar takardu, in yi maza in sauya zance.

Da na ajiye aikin na dawo Madina, ni da abokai biyu muka fara wata manhaja. Kowa ya shiga intanet ya haɗa fom ɗinsa da kansa, ya tura wa mutane su cika a waya. Da na gama samfurin farko na kai shi gidan surukina a Harra ta Yamma bayan la'asar. Ba shawara na je nema ba, yabo na je karɓa.

Ya sa tabarau, ya ga akwatuna jere daga sama har ƙasa. Ya cika uku, ya turo min kwamfutar kusa da farantin dabino. Muhandis yake ce min, wato injiniya.

"Ya muhandis, wannan ba tambaya ba ce, tuhuma ce. Gobe ka zo ka zauna wurina."

Ba a yi wa suruki musu. Na je, amma da takunkumi a fuska, wai mura nake yi. Lafiyata ƙalau. Tsoro nake kar wani da ya san ni ya gan ni a bakin titi ƙarƙashin laima.

Sati guda na yi a kan wata kujerar roba. Abin da na fara lura da shi, ba ya taɓa karanta wa mutum fom. Tambaya ɗaya yake yi, ya saurara, amsar ce take zaɓa masa ta gaba. Wata rana wata dattijuwa ta zo da takardar neman tallafi, mai shafi guda cur na miji: suna, aiki, lambar hawiyya, wato katin shaida.

"Hajiya, maigidan yana nan?"

"Ya riga mu."

Ya ajiye biro, ya yi wa mamacin addu'a, ta ce amin. Ya ja layi a kan shafin ya wuce. Da ta tafi na ce, "Baba, ai ba ka karɓi lambar ba."

"Wanda ya binne mutum ba a sa shi ya karanto lambarsa. In ofis na so, tana cikin fayil ɗinsu."

Na koma na rushe duk abin da muka gina. Sabon ya zama tambaya ɗaya a fuskar waya, amsa ta buɗe ta gaba. Idan mai cikawa ya zaɓi cewa mijinta ko matarsa ta rasu, sai ɗan layin ta'aziyya ya fito, a tsallake sauran. Daga nan ƙofa ta buɗe. Masu gonakin dabino a Khaibar suka fara karɓar oda da shi, ƙananan asibitoci suka ɗauka, sai makarantu, sai otel-otel na masu Umra. Muka bar falon gidana muka kama ofis, muka ɗauki ma'aikata, ni ma na fara tafiya kamar ƙasa ba ta isa in taka ta ba.

Daga baya wani babban kamfani ya nemi ya saye mu. A zaman ƙarshe injiniyansu ya ce tsallaken nan yana barin giɓi a bayanai, za su cire shi in sun haɗa manhajar da tasu. Bai rufe baki ba na ce ba matsala. Ni dai a sa hannu.

Ranar sa hannun aka yi walimar rana, shinkafa da rago. Matata ta dage sai mahaifinta ya zo. Ya zo da farar riga mai guga, ya zauna a damana. Shugaban masu sayen ya tambaye ni da Larabci, a gaban kowa, daga ina dabarar tambaya ɗaya-ɗaya ta fito. Na gyara zama na ce dogon bincike muka yi a kan halayyar masu cika fom. Ya dubi dattijon ya ce wannan fa? Na ce surukina ne, ya yi ritaya. Bai yi ritaya ba, da safiyar ranar ma sai da ya fita. Kuma Larabcinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ya ci gaba da cin shinkafarsa, bai ɗago ba. Har yau in na tuna ina jin kamar in nutse.

Ba a jima ba surukata ta rasu. Wasu watanni bayan haka idon surukina ya fara ba shi wahala, wani asibitin kuɗi ya turo masa istimara, wato fom, ta waya kafin a duba shi. Ya kira ni.

"Ya muhandis, zo ka cika min istimara, ba na ganin rubutun."

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana cika wa mutane, yau ni ke cika masa. Ina buɗewa na gane namu ne. Sun sauya suna da launi, amma mutum ba ya kasa gane aikin hannunsa. Na karanta masa ɗaya-ɗaya yana amsawa. Muka zo kan aure, na zaɓi matar ta rasu. Ba ta'aziyya, ba tsallake. Sunan mata, lambar hawiyyar mata, da jan tauraro a gefe. Na danna gaba, ya ƙi. Na sake dannawa, ya ƙi.

"Me ya tsaya?"

"Lambar Hajiya suke so, Baba."

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Wannan naku ne ko?"

"Ai an sayar, Baba."

"Na'am," ya ce. "Ina wurin."

Na kasa kallonsa. Ya mayar da tabarau, ya ce rubuta. Ya karanto min lambar matarsa da ka, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na rubuta.