Igiyar Shanya a Hawa na Uku

Kawu, yayan mahaifiyarmu, shi ke kula da benen hayar da ke bayan tashar bas. Da ƙuruciyarsa ya kama aikin, furfura ta same shi da tarin makullai a ƙugu. A wurinsa abu ba ya lalacewa, sai dai "ana lallaɓawa". Famfo ya yi yoyo, roba. Ƙofa ta saki, waya. Da ƙarfen barandar hawa na uku ya fara girgiza, ya ɗaure shi da igiyar shanya, ya gaya wa mai gidan a turo mai walda. Mai gidan ya ce to. Kawu kuwa ba ya tambayar babba abu sau biyu.

Abin da ya iya shi ne gargaɗi. Ko a matakala kuka haɗu: "Ina kwana, kar dai a jingina." Kowa ya haddace, ban da wani tela da ya tare ranar da Kawu ya tafi cire haƙori. Telan ya fito shan iska, ya jingina. Allah ya jiƙansa.

Lauya ya zaunar da mu. Ya ce in Kawu bai lura da haɗarin ba, sakaci ne, da sauƙi. In ya sani ya bari, ganganci ne, sai gidan yari. "Don Allah a rage surutu," in ji shi.

Ina! 'Yan haya suka cika kotu wai sun zo ceto. Wata malamar makaranta ta rantse kullum sai ya gargaɗe ta. Direban da ke hawan ƙasa ya ce shi har ya gaji da ji. Matar Kawu ta miƙe ba a kira ta ba: "Ranka ya daɗe, ƙarfen nan har abinci yake hana shi ci!" Mai gabatar da ƙara ya ce ba shi da tambaya. Lauyanmu ya cire tabarau ya ƙura wa silin ido.

Mai gidan ya rantse ba wanda ya taɓa gaya masa. Kawu ya ƙi ƙaryata babba a gaban mutane. Wallahi har yau abin yana ci mini rai.

Da na je duba shi a gidan yari, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "An gyara?"

"An gyara, Kawu. Washegarin jana'iza. Mai waldan ko zama bai yi ba ya gama."

Ya dubi hannunsa.

"Ko zama bai yi ba?"