Likitan Haƙorin Da Ya Tafi Ya Bar Ƙafafun Yara A Sama

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Maris, da hantsi, maiɗakinka ta kira ni ta ce ka faɗi a ɗakin aikinka jim kaɗan bayan ka sallami wani yaro da ka cire wa haƙori. Kafin a isa da kai babban asibiti rai ya yi halinsa. Ina cikin aji ina koyar da ɗalibai lokacin, na ajiye allin na zauna a kujerar wani yaro da bai zo ba.

Likita, bari in fara da abin da kowa ya sani: kishinka nake yi. Kai ka sani, iyalinka sun sani, malamar da ta koya mana rubutu ta sani. Ban taɓa ɓoyewa ba, kai kuma ba ka taɓa fasa tsokanata a kai ba. Duk lokacin da na ɓata rai sai ka ce mini hassada ga mai rabo taki ce, in ƙara zuba maka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni na kai ka ajin nan. Ni ne mai burin zama marubuci tun ina saurayi, ni na ga sanarwar cewa za a riƙa koyar da rubuta labaran ban tsoro na yara da matasa a ɗakin karatu na unguwarmu duk Asabar. Kai mota kawai gare ka. Na roƙe ka ka sauke ni, aka yi ruwa, ka shigo ka zauna a baya kana jira ya tsagaita. Malamar ta ce ba a zama mata a aji hannu sake, ta miƙa maka takarda da biro. Shi ke nan, na jawo wa kaina.

Wata biyu na yi ina gina dodona. Na ba shi ido bakwai da farata kamar lauje, na sa shi yana cin mutum har ƙashi. Kai kuwa shafi ɗaya ka rubuta, a kan famfon da ke ɗiga a wani gidan da aka daɗe da yanke wa ruwa. Malamar ta tara yaran da ke zuwa ɗakin karatun a kan dogayen bencina, ta ce kowa ya karanta nasa. Ina karanta nawa wani yaro ya ɗaga hannu ya tambaye ni ko dodon yana sa tabarau, saura suka fashe da dariya. Da ka fara naka, ɗakin ya yi tsit. Ba ka kai rabi ba na ga yaran suna janye ƙafafunsu daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya, suna naɗe su a kan benci.

A hanyar komawa gida na tambaye ka sirrin, ina cika ina batsewa. Ka ce babu wani sirri, shekaru ka yi kana kallon yara a kujerar cire haƙori. Yaro yakan daure fuska, yakan rantse ba ya jin tsoro, amma ƙafarsa ba ta iya ƙarya. Ka ce in daina kallon fuskarsu in ina karatu, in kalli ƙasan benci. Ka kuma ce allurar da yaro bai gani ba ta fi wadda ke gabansa razana shi, don haka in mayar da dodona bayan ƙofa. Daga ranar ƙafafun yara suka zama ma'auninmu. Na bi shawararka, labaraina suka gyaru, amma ƙafa ba ta taɓa tashi don ni ba, sai dai a karkaɗa ta.

Wallahi da mugun mutum ne kai da na huta. Amma tsakanin mai ciwo da mai ciwo kake karanta rubutuna, ka dawo mini da shi yana warin maganin asibiti, ka ja layi ƙarƙashin duk wurin da na yi saurin kwantar wa yaro hankali. Da masu buga littafi suka nemi naka, kai ka nace sai sun duba nawa. Ranar da na karanta littafina na farko a gaban yara, ka rufe wurin aikinka ka zo, ka cusa kanka a tsakiyarsu. Da ka ga ba wanda ya motsa, sai ka tattara dogayen ƙafafun nan naka da ƙyar ka ɗora a benci, gwiwa har haɓa, kana zare ido. Yaran suka yi ta dariya. Na yi mako guda ba na ɗaukar wayarka, ka ci gaba da kira kamar ba abin da ya faru.

Duk wannan da sauƙi. Inda ka cuce ni shi ne a cikin gidana. Autata, wadda na yi wa tatsuniya tun ba ta iya zama ba, ta kai shekara goma sha biyu ba ta da marubucin da ya wuce Kawu Likita. Littafinka yana ƙarƙashin matashinta, nawa kuwa na taɓa tarar da shi an tokare tagar ɗakinta da shi don kada iska ta rufe. Ni take aikowa in karɓo mata sa hannunka. Kullum in na zauna rubutu ita nake hange, kullum kuma in na karanta mata sai ta ce ya yi daɗi, ƙafafunta biyu shimfiɗe a ƙasa.

Akwai dokarka guda da kake yawan maimaitawa. Kakan ce ɗaga ƙafar yaro rabin aiki ne, bai halatta ka sallame shi gida ba sai ka mayar masa da ita ƙasa. Sau ɗaya ka karya ta. A Asabar ɗinka ta ƙarshe ka fara ba yaran ɗakin karatun, har da Auta, labarin wata yarinya da take tarar da ƙananan takalma jiƙaƙƙu a ƙofar gidansu, ba na kowa ba. Washegari suna tsakar gida, jibi suna bakin ɗakinta. Ka kai inda ta leƙa ƙarƙashin gadonta ta gan su, sun juya baki suna kallon ƙofa, sai aka kira ka wani yaro ya fasa baki a wajen wasa. Ka ba su haƙuri, ka ce mako mai zuwa. Da ka kake ƙagar labarin, ba ka rubuta ko layi ba.

Bayan an binne ka, Auta ta ƙaura ɗakin mahaifiyarta. Ba ta yarda ta sauko daga gado sai da tsalle, ta yi nesa da gefensa. Mai kula da ɗakin karatu ta kira ni ta ce iyaye uku sun zo da ƙorafi iri ɗaya: a tunanin yaran, takalman ne suka zo suka tafi da kai. Ta ce dole wani ya ƙarasa labarin, kuma ni kaɗai na rage. Ka ji yadda aka zaɓe ni, Likita, don babu kai.

Asabar da ta wuce na shiga na tarar da su ƙafafu a sama tun ban buɗe baki ba. Abin da na yi shekaru ina nema ke nan, ga shi an miƙo mini, kuma ba nawa ba ne. Na ɗauko daga inda ka tsaya. Na ce yarinyar ta kwanta shiru tana jin ɗigar ruwa, sai ta tambayi kanta: wanda ya zo cutar da kai, baya yake ba ka? Mai gadi ne kaɗai ke juya wa mai barci baya ya fuskanci ƙofa. Da gari ya waye ta ɗauko takalman, ta cusa musu tsohuwar jarida, ta shanya su a rana, ta ce musu sannu da aiki. Da yamma ta tarar ba su nan, sai busasshen gurbinsu.

Ban kalli fuskar kowa ba, ƙasan benci na kalla kamar yadda ka koya mini. Ƙafafun suka riƙa saukowa a hankali. Na Auta ne na ƙarshe.

A hanya ta riƙe hannuna, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Na kasa daurewa na tambaye ta yaya ta ji labarin.

"Ka yi ƙoƙari, Baba," ta ce. "Amma da Kawu ne, da sai mun ƙara jin tsoro kafin a zo nan."

Ka ji ko? Kana kwance a ƙasa ma ka sha gabana. Ta koma ɗakinta ranar, da safe na leƙa na ga ƙafa ɗaya tana reto a gefen gado, littafinka a ƙirjinta. Na ji haushi, na ji daɗi, na koma ɗakina na yi kukan da ban yi a wajen jana'izarka ba. Na yarda ka fi ni, kuma da za a dawo da kai ka ci gaba da fina har abada, da na karɓa hannu bibbiyu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka da 'ya'yanka biyu, ga mahaifiyarka da ta ga abin da uwa ba ta fatan gani, ga ma'aikatan asibitinka, da yaran Asabar. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Allah ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi, ya sa duk hawayen yaron da ka share ya zama maka nauyi a mizani. Allah ya sa ka sauke dogayen ƙafafun nan naka a gidan da babu tsoro a cikinsa. Amin.